Lanƙwashewar Yatsun Hannu: Dalilinta da Maganinta

Wannan jawabi ne da wani malamin asibiti mai kula da cutar kuturta da tarin fuka ya gabatar wa ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci. An buga shi a nan domin waɗanda ba su sami halarta ba. Ana roƙon duk wanda ya karanta ya kuma karanta wa maƙwabcinsa.

 

Hannu shi ne jarin talaka. Da shi manomi yake riƙe fartanya. Da shi mace take daka, take tuƙa tuwo. Da shi ɗalibin yaƙi da jahilci yake riƙe fensir. Idan hannu ya lalace, abinci sai ya yi wuya a gida.

Jawabin yau a kan wata larura ce ta hannu. Yatsu sukan fara lanƙwashewa suna komawa cikin tafin hannu, har mutum ya kasa miƙe su. Da yawa cikin masu wannan larura suna ɓoye hannun a aljihu ko cikin mayafi, suna jira ya warke da kansa. Wannan jira shi ne yake cinye hannun. Yatsa ba ya lanƙwashewa dare ɗaya. Yakan nuna alama tun da wuri. Wanda ya ga alamar ya tafi asibiti, yakan tsira da hannunsa. Wanda kuma ya riga ya makara, har yanzu akwai abin da zai yi don kada hannun ya ƙara lalacewa.

Yadda Yatsu Suke Motsi

A cikin hannu akwai jijiyoyi iri-iri. Akwai jijiyar jini. Akwai jijiya mai ƙarfi kamar igiya, wadda take jan yatsa ya lanƙwashe ko ya miƙe. Akwai kuma jijiyar saƙo. Ita ce take kai labari tsakanin hannu da ƙwaƙwalwa.

Jijiyar saƙo tana da aiki uku. Tana gaya wa mutum cewa abin da ya taɓa yana da zafi ko kaifi. Tana ba tsokar hannu umarni ta motsa. Tana kuma sa fata ta yi gumi don ta yi laushi. Idan ta lalace, duk ukun nan sukan tsaya.

Manyan jijiyoyin saƙo na hannu guda uku ne. Ɗaya tana bi ta bayan gwiwar hannu. Ita ce wadda in mutum ya bugi gwiwar hannunsa yakan ji zirr har cikin ƙaramin yatsa. Idan ta lalace, ƙaramin yatsa da na kusa da shi su ne suke lanƙwashewa. Ta biyu tana bi ta tsakiyar wuyan hannu. Idan ta lalace, babban yatsa yakan kwanta, ya kasa haɗuwa da sauran yatsu. Mutum sai ya kasa ɗaukar allura ko sa maɓallin riga. Ta uku ita ce take ɗaga wuyan hannu. Idan ta lalace, sai hannun ya riƙa reto.

Abubuwan da Suke Lanƙwasa Yatsu

Ba kowace lanƙwashewar yatsa ce kuturta ba. Ya kamata jama'a su san wannan, don kada a ƙaƙaba wa mutum sunan cutar da ba shi da ita.

Na farko akwai ƙuna. Yaro mai rarrafe yakan sa hannu a murhu ko a ruwan zafi. Idan aka ɗaure hannun a dunƙule, fatar za ta warke a dunƙule, yatsu su manne da tafi. Abin da ya kamata shi ne a riƙa zuba wa ƙunar ruwa mai sanyi mai tsabta har minti 20. Kada a shafa mata ƙwai, ko toka, ko man goge baki. A kai yaron asibiti, inda za a naɗe kowane yatsa daban, a bar hannun a miƙe.

Na biyu akwai ɗaurin karaya. Idan aka yi wa yaro ɗori aka tamke hannun ƙwarai, jini ba zai gudana ba. Cikin 'yan awoyi tsoka takan mutu, daga baya ta ƙanƙance ta ja yatsu ciki. Duk yaron da aka yi wa ɗori, yatsunsa suka kumbura, ko suka yi sanyi, ko yana kukan zafi ba ƙaƙƙautawa, a kwance ɗaurin nan take a kai shi asibiti.

Na uku akwai wani ciwo da likitoci suke kira ciwon Dupuytren. Sunan wani likitan tiyata ne na ƙasar Faransa, wanda ya yi wa mai ciwon aiki a shekarar 1831. Ciwon ya fi yawa ga Turawan arewacin Turai, musamman maza da suka haura shekara 50, kuma yakan bi dangi. Ba a cika ganinsa ga baƙar fata ba, amma akan samu, musamman ga masu ciwon sukari. Yakan fara da ɗan ƙulli mai tauri a tafin hannu. Sannu a hankali ƙullin ya zama kamar igiya a ƙarƙashin fata, ya riƙa jan ƙaramin yatsa ko na kusa da shi. Ba a ɗaukarsa daga wani. Mai shi yana jin taɓi da zafi kamar kowa. Idan ya kai mutum ba ya iya shimfiɗa tafinsa a kan tebur, likita yakan tsinka igiyar da allura, ko ya cire ta da tiyata. Wani lokaci yakan dawo bayan shekaru.

Na huɗu ita ce kuturta. A kanta sauran jawabin zai tsaya, domin ita ce aka fi ɓoyewa a karkara, ita ce kuma ake ba da maganinta kyauta.

Mece Ce Kuturta?

Kuturta cuta ce da wata ƙwaya take kawowa. Ƙwayar ƙanƙanuwa ce, ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Dangin ƙwayar tarin fuka ce. Wani likita mai suna Hansen ne ya gano ta a garin Bergen na ƙasar Nowe a shekarar 1873.

Ƙwayar tana fita ta hanci da bakin mai cutar da bai fara shan magani ba, lokacin atishawa ko tari. Sai an daɗe ana zama tare da shi wata da watanni kafin a ɗauka. Ba a ɗaukarta ta gaisawa, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko zama a sahu ɗaya a masallaci. Cikin mutum 100, wajen 95 jikinsu yana kashe ƙwayar da kansa. Wanda ta kama kuma, takan yi kamar shekara 5 a jikinsa kafin ta bayyana, wani ma har shekara 20.

Akwai maganganu da yawa a gari game da ita. Wasu suna cewa gado ce. Wasu suna cewa sammu ne. Wasu suna cewa cin naman akuya ne, ko haɗa kifi da nono. Duk wannan rashin sani ne, kuma Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Uwa mai kuturta takan haifi ɗa lafiyayye. Abin da ya sa akan ga cutar ga mutum biyu ko uku a gida ɗaya shi ne daɗewar zama tare da wanda bai sha magani ba.

Cutar ta ragu ƙwarai. A shekarar 1998 Nijeriya ta kai matsayin da masu shan maganin kuturta ba su kai mutum 1 cikin 10,000 ba. Amma ba ta ƙare ba. A shekarar 2023 an sami sababbin masu cutar 182,815 a duniya, fiye da 2,000 daga cikinsu a Nijeriya. Waɗannan su ne aka ƙidaya. Waɗanda suke ɓoye a gida ba su shiga lissafi ba.

Alamomin Farko

Alama ta farko yawanci tabo ne a fata. Yakan fi sauran jiki haske, ko ya yi ja-ja. Ba ya ƙaiƙayi, ba ya ciwo. Shi ya sa mutane suke ɗaukarsa ƙyasbi ne ko makero, su yi ta shafa magani ba ya tafiya. Bambancinsa shi ne ba ya jin taɓi. Ga yadda za a gwada. Mai tabon ya rufe idonsa. Wani ya ɗauki auduga ko gashin kaza ya taɓa fata mai lafiya, sa'an nan ya taɓa tsakiyar tabon. Idan ya ji a fata mai lafiya bai ji a kan tabon ba, to sai asibiti.

A hannu kuwa, ga alamomin da za a lura da su:

1. Jin kamar kiyashi yana tafiya a ƙaramin yatsa, ko kamar ana tsira allura.
2. Ciwo ko kumburi a bayan gwiwar hannu.
3. Tafin hannu ya daina gumi, ya bushe, ya riƙa tsagewa.
4. Mutum ya ga bororo ko ƙuna a hannunsa, bai san lokacin da ya ƙone ba.
5. Abubuwa su riƙa suɓucewa, kamar cokali, ko fensir, ko kuɗi.
6. Tsokar da take tsakanin babban yatsa da manuni ta faɗa, wurin ya yi rami.

Akwai gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi a gida. A sa takarda tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi, mutum ya matse ta, yatsunsa a miƙe. Wani ya ja takardar a hankali. Idan ta zare ba wuya a hannu ɗaya, amma ɗaya hannun ya riƙe, to jijiyar ta fara rauni.

A nan ne lokaci yake da muhimmanci. Jijiyar da ta fara rauni cikin watanni 6 da suka wuce, akwai maganin da yakan farfaɗo da ita. Idan aka wuce haka, da wuya ta dawo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Maganin Kuturta

Kuturta tana warkewa sarai. A shekarar 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa haɗa magunguna a yaƙi cutar. Malaman asibiti suna kiran wannan haɗi MDT. Tun daga shekarar 1995 ake ba da shi kyauta a duk duniya. Ƙwayoyi uku ne: rifamfisin, da dafson, da kilofazimin. Suna zuwa a jere cikin kati, kowane kati na kwana 28.

Mai tabo 1 zuwa 5 yana shan magani wata 6. Mai tabo fiye da 5, ko wanda cutar ta taɓa masa jijiya, yana sha wata 12. Sau ɗaya a wata zai je asibiti ya sha na ranar farko a gaban malamin asibiti, ya karɓi sabon kati. Sauran kuma ya riƙa sha kullum a gida. Da zarar ya fara shan magani, ya daina yaɗa cutar. Babu dalilin ware masa ɗaki ko kwano. Mace mai ciki da mai shayarwa su ma suna sha.

Akwai abubuwa biyu da suke tsorata masu shan maganin. Ranar da aka sha na wata-wata, fitsari yakan yi ja. Wannan launin maganin ne, ba jini ba ne, kuma yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. Fata kuma takan ƙara duhu ta bushe. Ita ma takan koma daidai bayan an gama magani. Amma idan aka ga ƙuraje sun feso a jiki tare da zazzaɓi, ko ido ya yi rawaya, to a dakatar da magani a tafi asibiti a ranar.

Kada a daina magani don an ga tabo ya ɓace. Kada a raba kati da wani. Mai niyyar tafiya cin rani ya gaya wa malamin asibiti tun kafin ya tashi, don a shirya masa yadda zai ci gaba da sha.

Ina za a je? Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'i mai kula da tarin fuka da kuturta, a ƙarƙashin shirin ƙasa da aka ƙaddamar a shekarar 1991. A tambaya a ɗakin shan magani mafi kusa, za a nuna hanya. Akwai kuma wuraren da suka daɗe da suna a wannan aiki, kamar asibitin Yadakunya a Kano, da Amanawa a Sakkwato, da cibiyar horar da ma'aikata ta Saye a Zariya, da asibitin Danja kusa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. A shekarar 2024 an yi ƙarancin maganin a Nijeriya na kusan shekara guda, sai a watan Maris na 2025 ya iso. Saboda haka idan aka je aka tarar babu, kada a yi fushi a koma gida a zauna. A tabbata an rubuta suna, an duba jijiyoyi, a kuma riƙa komawa.

Mutanen gidan mai cutar su ma a kawo su a duba fatarsu. Tun shekarar 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba su rifamfisin sau ɗaya don rigakafi, a inda ake da wannan tsari.

Idan Jijiya Ta Kumbura

Wani lokaci, ana cikin shan magani ko bayan an gama, sai jiki ya tashi. Tabo ya kumbura ya yi ja. Gwiwar hannu ta yi zafi. Yatsa ya yi rauni cikin 'yan kwanaki. Wasu kuma ƙulle-ƙulle masu zafi ne suke fito musu tare da zazzaɓi. Mutane sukan ce maganin ne bai karɓe su ba, sai su daina sha. Wannan kuskure ne babba. Jiki ne yake faɗa da ƙwayoyin cutar, rayayyu da matattu, faɗan kuma yana kumbura jijiya.

Wannan shi ne lokacin da yatsu suka fi lanƙwashewa. Mai wannan hali kada ya jira ranar karɓar kati. Ya tafi asibiti cikin kwana ɗaya ko biyu. Za a ba shi wata ƙwaya mai suna firednisolon, wadda zai sha mako 12 ko fiye, ana rage masa a hankali. Ba a saye ta a kasuwa a sha da ka, ba a kuma tsayar da ita farat ɗaya. Hannun kuma a rataye shi a wuya da ɗankwali, a hutar da shi daga aiki har zafin ya kwanta.

Kula da Hannu Kullum

Yanzu sai maganar wanda yatsunsa suka riga suka lanƙwashe. Magani ya kashe ƙwayar cutar, ya warke, amma jijiyar da ta mutu ta mutu. Mutane suna cewa kuturta tana cinye yatsu. Ba haka abin yake ba. Hannun da ba ya jin zafi ne yake samun rauni mai shi bai sani ba. Ya ci gaba da aiki da shi. Raunin ya yi mugunya, ya kai ga ƙashi, ƙashin ya riƙa narkewa, yatsa ya gajarce. Wanda ya hana rauni, ya hana gundulewa.

Ga aikin da zai riƙa yi kullum, safe ko dare. Ba ya bukatar kuɗi:

1. Dubawa. Ya duba hannunsa ciki da baya da tsakanin yatsu. Ya nemi ja, ko bororo, ko tsaga, ko ƙaya. Tun da hannun ba ya ji, ido ne zai yi masa aikin ji.
2. Jiƙawa. Ya sa hannu a cikin ruwa mai tsabta na minti 20. Ruwan kada ya zama mai zafi. Wani mai lafiyar hannu ya fara taɓa shi.
3. Gogewa. Ya goge kanta da kaushi a hankali da dutsen goge ƙafa. Kada ya yanke da reza.
4. Shafa mai. Tun hannun yana da laima, ya shafa man kaɗe ko basilin. Man yana tsare ruwan a cikin fata.
5. Motsa yatsu. Ya ɗora bayan hannunsa a kan cinya. Ya sa ɗaya hannun ya riƙa shafo yatsun daga gindi zuwa kai yana miƙe su a hankali, sau 10. Sa'an nan ya tallafe gindin yatsun a lanƙwashe, ya yi ƙoƙarin miƙe kawunansu da ƙarfin kansu, sau 10. Babban yatsa kuma ya riƙa jansa waje a hankali don kada ya manne da tafi.

Kada a miƙe yatsa da ƙarfin tsiya, fata za ta tsage. Idan akwai rauni a yatsa, a dakata da motsa shi har ya warke. Amfanin wannan aiki shi ne gaɓoɓi su zauna da laushi. Yatsan da aka bari ba motsi yakan ƙandare, kuma ƙandararren yatsa yana da wuyar gyara ko ga likita.

Idan aka sami rauni, a wanke shi da ruwa da sabulu, a rufe da tsumma mai tsabta, a hutar da hannun. Hutu shi ne babban maganinsa. Idan wurin ya kumbura, ko ya yi ɗumi, ko yana wari, ko kaluluwa ta fito a hammata, to ya wuce na gida.

Kare Hannu Wajen Aiki

Mai wannan larura ba sai ya bar sana'arsa ba. Dabara zai canza.

Manomi ya kankare ƙotar fartanya da ta gatari da ta lauje su yi sumul, ya naɗe su da tsumma mai kauri ko robar tayar keke. Hannun da ba ya ji yakan damƙi abu da ƙarfi fiye da kima, shi ya sa yake saurin yin bororo. Ya riƙa tsayawa yana duba tafinsa. In ya ga wuri ya yi ja, ya huta ko ya koma wani aikin. Wajen yankan ƙaya da karan dawa ya sa safar hannu.

Mace ta ajiye tsumma mai kauri kusa da murhu, kada ta sauke tukunya ko ta ɗaga murfi sai da shi. Ta riƙa iza wuta da dogon icce. Ta sami muciya da ludayi masu dogon hannu na icce. Taɓarya ita ma a naɗe ta, igiyar guga kuma a ja ta da tsumma a hannu.

Kofin shayi na ƙarfe da na gilashi suna ƙona hannu ba a sani ba. A sa su cikin wani kofin, ko a jira su huce. Tuwo mai zafi a ci da cokali. Lokacin hunturu kada a matsa kusa da wuta wajen jin ɗumi.

Ɗalibin da fensir yake suɓuce masa ya naɗa wa fensirin tsumma ya yi kauri. Zai ga riƙon ya yi sauƙi. Lanƙwasasshen yatsa ba ya hana mutum koyon karatu da rubutu.

Aikin Tiyata

Akwai aikin da likita yakan yi ya miƙe yatsu. Wani likita ɗan Ingila mai suna Paul Brand ne ya fara yi wa masu kuturta shi a garin Vellore na ƙasar Indiya, a ƙarshen shekarun 1940. Likita yakan ɗauko jijiya mai jan yatsa daga tsokar da take da lafiya, ya karkatar da ita zuwa yatsun da suka raunana. Kamar a ce saniya ɗaya ta gaza a gona, aka kawo wata aka ɗaura mata garma.

Ba kowa ake yi wa ba. Sai wanda ya sha maganinsa yadda ya kamata, babu miki a hannunsa, gaɓoɓinsa kuma suna da laushi. A nan ne wanda yake jiƙa hannu yana motsa yatsu kullum yake cin riba. Bayan aiki akan sa hannun a filasta na mako 3 ko 4. Daga nan sai a yi makonni ana koya wa hannun sabon motsi. Aikin yana dawo da riƙo, amma ba ya dawo da ji. Don haka dubawa da jiƙawa da shafa mai suna nan har iyakar rai. Jami'in ƙaramar hukuma shi ne zai faɗi asibitin da ake yin wannan aiki.

Aikin Jama'a

Abin da yake hana mutane zuwa asibiti da wuri shi ne tsoro. Magidanci yana tsoron a daina sayen kayansa a kasuwa. Matar aure tana tsoron saki. Iyaye suna tsoron 'yarsu ta rasa miji. Sai a rufe tabo da riga har yatsu su lanƙwashe, abin da ake ɓoyewa ya fito fili. Ashe ƙyamar da jama'a suke nunawa tana cikin abin da yake lalata hannun mutane.

Wanda ya gama shan magani ya warke. Lanƙwasar da ta rage a yatsunsa tabo ne kawai, kamar tabon ƙuna. Ba ya ɗauke da cuta. A gaisa da shi, a ci abinci da shi, a sayi kayansa. A kira shi da sunan da mahaifinsa ya raɗa masa. Kowace shekara, ranar Lahadin ƙarshe ta watan Janairu, duniya takan tuna da masu wannan cuta domin wannan manufa.

Ana roƙon masu unguwanni da limamai su riƙa faɗakarwa a wurin suna da ɗaurin aure. Ana roƙon wanzamai da masu maganin gargajiya, duk wanda ya zo musu da tabon da ba ya jin taɓi, su tura shi asibiti, kada a yi masa tsaga ko ƙaho a wurin. Ana roƙon mazaje su ba matansu izini da kuɗin mota su je a duba su. Iyaye mata kuma su riƙa duba jikin yara wajen wanka. Masu larurar da suke gari ɗaya su riƙa haɗuwa mako-mako, su jiƙa hannu tare, su duba wa juna. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ɗaliban yaƙi da jahilci kuma suna da nasu aikin. Su ne za su karanta wa mai shan magani ranar da aka rubuta masa a kati, su tuna masa idan ta zo.

Abin da za a riƙe daga wannan jawabi shi ne, tabon da ba ya jin taɓi, ko yatsan da ya fara rauni, a kai shi asibiti a wannan mako, kada a ce sai bayan girbi. Maganin kuturta kyauta ne, a sha shi har ƙarshe. Hannun da ya daina ji kuma a duba shi, a jiƙa shi, a shafa masa mai, a motsa shi kullum.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya ƙara wa masu ita. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.